Mashi biyu da gammo: tafiyata Zariya

A ɗakin mahaifina da ke Kano akwai wani hoto da ya girme mu duka. Kakanmu ne a tsaye cikin kakin soja, da malafa an lanƙwasa gefenta ɗaya sama, fuska a murtuke kamar mai hoton ya ci masa bashi. A dantsensa akwai wata alama, amma hoton ya koɗe, ba ka ganin komai sai duhu-duhu. Abin da muka tashi muna ji shi ne Kaka ya yi yaƙin Bama, shi ke nan. Yayana ne ya ƙara wa miyar gishiri, ya ce ai ɗan Chindit ne, cikin waɗanda aka sauke da jirgin sama a bayan Japanawa. Hujjarsa ɗaya ce: Kaka Bazazzagi ne, barikin Chindit kuma a Zariya yake. Da musu ya ishe ni na ce bari in je in duba adakar Kaka, wadda ke hannun Goggo, babbar 'yarsa.

Ranar Asabar da sassafe na shiga mota a Unguwa Uku. Muka wuce Kura, muka tsaya Kwanar Ɗangora na sayi rake da dafaffen ƙwai ta taga. Dab da Tashar Yari taya ta yi faci, direba ya fito da sifiya, ita ma ashe ba iska. Awa guda muka yi a gindin wata ɗorawa muna jiran yaron da ya tafi neman mai faci a kan babur. Sai wajen sha ɗaya muka sauka a Kwangila. Na tsayar da keke, na ce masa a-daidaita-sahu, ya yi dariya ya ce lallai baƙon Kano ne. Muka bi ta PZ da Tudun Wada, muka shige birni ta Ƙofar Doka.

Sunan Kaka aka sa mini, don haka Goggo ba ta taɓa kiran sunana ba. "Babana, kai ne da rana tsaka? Ba za a taɓa adakar nan ba sai ka ci abinci." Sai da na tashi da kwanon dambu sannan ta sa jikarta ta jawo adakar daga ƙarƙashin gado. Ana buɗewa warin kafur ya cika ɗakin.

A ciki akwai jar dara da asu ya huda, da wani ɗan littafin sallama da gara ta cinye rabinsa, ba abin da ya rage a shafin farko sai haruffan NA da guntun lamba. Akwai lambobin yabo uku a ƙulle cikin tsumma. Akwai wata alamar tagulla mai siffar bishiya, a ƙasanta an rubuta RWAFF. Goggo ta ce dabino ne, jikarta ta ce giginya ce. Can ƙasa kuma, a cikin wani tsohon gwangwanin taba, na sami ƙyalle ɗan ƙarami wanda bai kai tafin hannuna ba, rawaya, da zare a gefensa alamar daga jikin riga aka warware shi. A tsakiyarsa mashi biyu ne baƙaƙe sun gicciya, sun ratsa ta cikin wani zagaye mai kama da zobe.

Goggo ta ce akwai wani dattijo a Sabon Gari, cikin mazan jiya, wanda ya yi yaƙin basasa, kuma duk 15 ga Janairu da shi ake fareti. Bayan la'asar muka tafi da jikan maƙwabcinta da ya san gidan.

Na same shi a kan tabarma a ƙofar gida yana sauraron rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, na zube kayan a gabansa. Ya ɗauki alamar tagullar ya ce, "Wannan kwakwar manja ce, ɗana. Duk sojan Afirka ta Yamma na zamanin Turawa yana da ita a hula, ɗan Najeriya da ɗan Gwalkwas, wato Gana ta yau, da ɗan Saliyo da ɗan Gambiya. Ba ta raba maka kowa da kowa." Ya ajiye ta. Ya ɗaga lamba mai tauraro mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ruwan lemo. Ya ce wannan ce tauraruwar Bama, ita ce shaidar ya taka ƙasar. Ya juya bayanta, fayau, ba suna ba lamba, haka Ingila ta raba su. Sannan ya lura da abin da ni ban lura da shi ba: babu tauraruwar Afirka mai ƙyalle ruwan yashi. Sojojinmu da suka yaƙi Italiyawa har suka shiga Mogadishu a 1941 suna da ita. Ke nan Kaka daga baya ya shiga, cikin samarin da aka ɗiba a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, lokacin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta nan Zariya ke kawo labarin yaƙin Hitila.

Da ya zo kan ƙyallen rawayan sai ya rage muryar rediyo. Ya ce runduna biyu aka kai Bama daga yankinmu, ta 81 da ta 82, dukansu an kafa su a 1943, dukansu alamarsu rawaya ce. Ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kai, kansa na kallon ƙasa. Kwamandansu, Janar Woolner, ya zaɓe shi saboda Ananse na tatsuniyar mutanen Gwalkwas, mai cin galaba da wayo a kan waɗanda suka fi shi ƙarfi. Na ce ashe Gizo mijin Ƙoƙi ya je yaƙi. Ya yi dariya har da tari. Daga cikin wannan runduna ta 81 aka zare birged ta 3, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya, aka ba Janar Wingate. Su ne 'yan Chindit namu, alamarsu kuma wata dabba ce mai kama da zaki da ke gadin ƙofar wuraren ibadar mutanen Bama. Daga nan barikin da ake horar da kuratan soja a Zariya ya samo suna.

"To naka ba gizo, ba zaki. Dubi zagayen nan da kyau. Me ka gani?"

Na ce zobe.

"Kai ɗan birni ne. Gammo ne."

Na sake dubawa, wallahi gammo ne, irin wanda 'yan talla ke naɗawa su ɗora faranti. Wannan ita ce alamar runduna ta 82, wadda ta isa Indiya a 1944, ta shiga tsaunukan Arakan na Bama a ƙarshen shekarar. Ita da ta 81 suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945, daga nan ta nausa kudu ta Dalet da Tamandu da An. Duk wanda ya san barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna ya san sunayen, ko da bai san garuruwa da koguna ne a wata ƙasa ba. 'Yan Najeriya a cikinta suna birged ta 1 da ta 4.

Dalilin gammon shi ya fi tsaya mini a rai. A dazukan nan mota ba ta shiga, wani wurin ko alfadari ba ya iya hawa. Jirgi ke jefo kaya da laima, sai a ɗauka a ka: harsashi, gwangwanayen abinci, akwatin rediyo, guntayen igwa da aka kwance. Saboda haka aka ware dubban sojoji aikinsu dako, su ne kuma ke ɗauko wanda aka harba su tsallaka kogi da shi. Turawan da suka tsara alamar sun san ba don kawunan mutanen nan ba rundunar ba ta motsawa, shi ya sa suka sa gammo a tsakiyar mashi. A ganina sun fi mu adalci, mu da muke son kowane kaka ya zama shi ne mai bindiga a sahun gaba. Dattijon dai ya ja mini kunne, ya ce mai bindiga da mai dako da kuku duk alama ɗaya suka ɗinka a dantse, kada in ɗora wa ƙyallen abin da bai faɗa ba.

A hanyar komawa muka bi ta gefen barikin, ana jin muryoyin kurata suna gudu suna waƙa. Na iso birni ana kiran magariba.

Da na gaya wa Goggo gammo ne, sai ta yi shiru, ta karɓi ƙyallen ta matso da shi kusa da fitila. Ta ce tun tana yarinya akwai wani wuri a tsakiyar kan Baba da gashi ba ya fita, fatar ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi, in wanzami ya zo nan yakan rage hannu. Ta ce har ya rasu bai yarda ta ɗauki tulu ba gammo ba, kuma shi da kansa yake naɗa mata da tsohon rawaninsa, ya murɗa, ya soke bakin a ciki, ba ya taɓa warwarewa ko za ta je Kubanni ta dawo. Ta ce a gidan nan kaf ba wanda ya iya irin naɗin.

Na roƙe ta ta ba ni ƙyallen in kai Kano in nuna wa Yaya. Ta mayar da shi cikin gwangwanin ta danne murfi. "Ɗauki hotonsa da wayarka, Babana. In bai yarda ba ya zo da ƙafarsa, ai ya kwana biyu bai gaishe ni ba."