Menu ɗin da ya ƙi komawa yadda ya fito

Wata hajiya mai shagon atamfa a Kasuwar Barci ce ta ba ni aikin shafin intanet, ba wani babba ba, hotunan kaya da farashi da maɓallin WhatsApp. Na yi mata menu, wato jerin maɓallan shafin, mai sulalowa daga hagu cikin milisakan 300, fitowar ta yi kyau wallahi, amma wajen rufewa sai dai ka ga ɓat kamar an ɗauke wuta, don class ɗin, wato sunan da ke ɗora masa motsin, kawai nake cirewa.

Na sa animation-direction: reverse, umarnin juya motsin baya, a CSS, yaren da ke tsara kamannin shafi, shiru. Ashe in motsin ya riga ya ƙare, sauya masa alƙibla ba ya sa burauza, manhajar buɗe shafi, ta sake kunna shi tunda sunan keyframes, wato matakan motsin, bai canza ba, a wurinta an gama magana. Na bi dabarar nan ta cire class, ka karanta offsetWidth, wato faɗin menu ɗin, don burauza ta sake lissafi, ka mayar da class ɗin, ya yi. Na kai mata ta ɗauki Tecno ɗinta ta danna sau biyu da sauri yadda kowa ke yi, menu bai kai rabi ba sai ya yi tsalle ya buɗe gaba ɗaya sannan ya fara komawa. Ta ce ɗana lafiya yake zabura haka? Abin ya tsaya min a rai, a gwajin farko ta gano abin da na kwana biyu ban gani ba.

A daren na gane cewa juyin da na yi kullum daga ƙarshe yake farawa, babu ruwansa da inda menu yake a lokacin. A JavaScript kuwa, yaren da ake ba shafi umarni da shi, in ka kira animate yana miƙo maka motsin ka riƙe, ka kira masa reverse sai playbackRate, wato saurin motsin, ya koma -1, ya juya daga daidai inda yake, in milisakan 120 ya ci to 120 zai ci ya koma. Sai dai ka sa fill ya zama both don menu ya tsaya inda motsin ya bar shi, kuma kar ka yi gaggawar display: none, umarnin ɓoye shi, sai ya gama, in ba haka ba ɓat ɗin nan zai dawo.

Daga baya ma na ga transition, wata hanyar motsi a CSS, da kansa yake wannan juyin in hali biyu ne kawai, buɗe da rufe, shi na bar mata. Yanzu kafin in miƙa aiki sai na ba ƙanwata waya na ce ta yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa ina kallo.