Wasiƙa daga Ingila: tsohon cocin Kempley da zanen bangonsa

Jama'ar Zuru, ina gaishe ku. Kun yi ta tambaya ko gaske ne akwai cocin ƙauye a nan da ya kusa shekara 900. Akwai. Zan faɗi tarihinsa da zanensa, in ɗan taɓo sabon cocin da ya gaje shi.

Cocin Santa Maryamu ne a ƙauyen Kempley, yankin Gulosta, ginin dutse na wajen 1130. Katakon rufinsa ma na zamanin ne, don sanyin ƙasar nan bai bar gara ta zauna ba. A rufin wajen bagade an zana Yesu Almasihu zaune kan bakan gizo, manzanni shida a bangon dama, shida a hagu. Mai zanen yakan shafa yaɓen farar ƙasa gwargwadon abin da zai gama kafin ya bushe, ya sa launi tun yana ɗanye, sai launin ya kama jikin yaɓen. Yawancinsa jar ƙasa ce da rawaya.

A ƙarni na 16 aka shafe zanen da farar ƙasa, ita ce ma ta adana shi. Da aka tono shi a 1872 sai aka shafa masa man sheƙi wai don kariya. Man ya dafe ya yi duhu, sai a shekarun 1950 aka kankare shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne danshi. Bangon dutse yana tsotsar ruwa daga ƙasa, ruwan ya hau da gishiri. In fuskar bango a buɗe take, sai ya fice. In an toshe ta da mai ko siminti, gishirin ya taru a ƙarƙashi, yaɓe ya kumbura ya zubo da zanen. Shi ya sa ko ƙusa ba a bugawa a irin ginin nan sai da izini a rubuce, takarda kan takarda.

Masu shirin yi wa tsohon coci ko masallaci na ginin ƙasa filastar siminti kafin damina, ku fara duba indararo da gindin bango. Yaɓen ƙasa da makuba ya fi dacewa da tubali.

Sabon cocin kuwa a 1903 aka gina shi, bayan gari ya koma kan tudu. Bayaninsa sai wasiƙa ta gaba.