Wasiƙa daga Kumasi zuwa ga wanzaman gida, kan koren man nan na wasa aska

Assalamu alaikum 'yan uwa na Kano, musamman iyayenmu wanzamai da 'ya'yansu irina da muka bar zabira muka shiga duniya. Gaisuwa daga Aboabo, zangon Kumasi. Ya damina? Mu nan ruwa ba ya gajiya, shi ya sa ma ƙarfe ba ya kwana lafiya, ka ajiye aska da ɗan danshi a jikinta washegari sai ka tarar tsatsa ta fara lasar bakinta.

Askar Baba ce ta sa ni wannan rubutu. Allah ya jiƙansa, shi dutsen washi ne da fata da tafin hannu, shikenan, kuma ba ka taɓa jin wani ya ce aski ya yi zafi ko da an zo gaban goshi. Ni da na gaje ta sai na kasa kawo ta inda yake kai ta, har wani dattijo a nan zango, wanzami ne da iyayensa suka zo zamanin fataucin goro, ya nuna min wani koren abu kamar sabulu da ɗansa ya aiko masa daga Jamus. Yace yaro shafa wannan a fata ka gani.

Abin sunansa chromium oxide, gari ne mai laushin gaske da aka cuɗa da kakin zuma ko mai, ƙwayarsa wajen rabin maikiron, shi kuma maikiron kashi 1 ne cikin 1000 na milimita, wato silin gashin kanka ya fi ƙwayar kauri sama da sau 100. Fata zalla ba ta cin ƙarfe sosai, miƙar da bakin askar kawai take yi ta goge shi, amma da zarar ka shafa man nan ta koma tana ci kaɗan kaɗan. Akwai ja na tsatsar ƙarfe irin wanda maƙeran zinariya ke goge kaya da shi, akwai na garin daimon mai ƙwayar maikiron 1 da 0.5 da 0.25, wannan yana ci da sauri amma masu amfani da shi da yawa suna kukan kaifinsa na da cizo a fuska. Kuma kar launi ya ruɗe ku, kamfanin aska na Dovo da ke garin Solingen a Jamus yana da nasa koren wanda ya fi chromium oxide ɗin nan kaushi nesa, ruwan ɗorawarsu kuma ba ya wasa komai, man tausasa fata ne kawai.

To ga wautar da na yi. Na ce ai mai mai ne, na hau trotro, motar hayar nan, na je Suame Magazine inda makanikai suke, na sayo man da ake cin balbul ɗin inji da shi, na lafta a fatar Baba. Wlh jan farko na ji ƙarar yashi, bakin askar ya koma kamar zarto, fatar kuma ta tafi kenan don abin da ya shiga ramukan fata ba ya fita. Dattijon da ya ji sai da ya yi dariya har hawaye, yace kai ɗan wanzami ne ko ɗan gareji?

Abin da ya koya min bayan nan, fata biyu ake yi, mai mai daban zalla daban, kuma a goge askar tas kafin a tashi daga wannan zuwa waccan. Man ɗan kaɗan, yadda za ka riƙa hango fatar ta ƙarƙashinsa. A kwantar da askar gaba ɗaya, bayanta ke gaba bakin na bin baya, in an kai ƙarshe a juya ta kan bayan ba kan bakin ba, kuma ba a dannawa. Ja 5 zuwa 10 ya isa a kan mai, sannan 40 ko 50 a fata zalla. Nan ne mutane ke ɓata lamarin, fata in ta saki tana lanƙwasawa ta naɗe bakin, ga mai yana ci, yau da gobe sai bakin ya zama kamar bayan cokali, shi ya sa na manna tawa a jikin katako.

Gsky man nan ba ya maye gurbin dutse, duk wanda ya ce muku haka kasuwa yake nema. Askar da ta fara jan gashi zai farfaɗo da ita, amma wadda ta dakushe ko ta gutsure sai dai mawashi.

Kuma dan Allah wannan aska ta gemuna ce ni kaɗai. Kan jama'a sabuwar reza kowa da tasa, ciwon hanta da ƙanjamau ba sa tsoron kaifi.

Wanda ke da hanya wajen dukawa a kasuwar Kurmi ya samo min kirgi mai santsi, faɗin yatsa uku tsawon kamu ɗaya, mara tabo, a ba direbobin motar goro masu dawowa nan. Kuɗin na wuyana.