Dukan bindiga da hular kwano

Jama'ar Zazzau, mun saba ganin sojojin Depot, wato sansanin horar da sababbin sojoji na Zariya, da hular kwano, har wasu na ɗauka harsashi ba ya huda ta. Ba haka ba ne.

Harsashin AK-47 giram 8 ne kacal, amma yana fita da gudun kusan mita 715 a daƙiƙa. Yadda iskar albarushi ke tura shi gaba, haka take tura bindigar baya. Sai dai bindigar ta kai kilo 4, shi ya sa take komawa da gudun mita 2 kawai. In ba a manna gindinta a kafaɗa ba, sai ta zaburo ta doki ƙashi, bakinta ya ɗaga sama.

Hular Kevlar kuwa, irin ta sojoji, wani zare ne mai ƙarfi da ake kira Kevlar aka jera hawa-hawa, yana cafke harsashi kamar raga. Tana tare ɓarɓashin bam da harsashin ƙaramar bindiga mai kan dunƙule. Na AK siriri ne mai tsini, ƙarfinsa ya ninka wancan kusan sau 4, yanka zaren yake yi ya wuce. Ko ta tare ma, tana lotsawa ciki ta bugi ƙoƙon kai.

Hular kwanon 'yan acaba kuma, Allah ya kiyaye, don faɗuwa aka yi ta.