Gutsuren cakulan ba ya rusa shirin rage ƙiba

Masu fafutukar rage ƙiba, ku daina zaman makoki don kun ci cakulan. Giram 100 na cakulan mai madara yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 530, wato gutsure mai giram 20 bai wuce kalori 110 ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa kalori kusan 7,700 ne.

Ɓarnar tana zuwa ne bayan cin. Mutum ya ce tunda ya riga ya karya doka, bari ya cinye sauran, gobe ya gyara. Gobe sai ya ƙi karin kumallo don ramuwa, yunwa ta gallabe shi, da yamma ya sake afka wa kayan zaƙi. Haka abin zai yi ta zagayawa, kuma horon yunwar ne ke rura shi.

Idan sikeli ya ɗan hau washegari, yawanci ruwa ne, domin kowane giram na sukarin da jiki ya adana a hanta da tsoka yana riƙe ruwa kusan giram 3.

Ku ɓalli rabonku, ku naɗe sauran ku kai inda ido ba ya gani tun kafin ku sa a baki. Ku ci bayan kun ƙoshi da abinci, a zaune, ba waya a hannu. Abinci na gaba kuma a ci shi yadda aka saba.

Baƙin cakulan mai koko kashi 70 sukarinsa ya fi kaɗan, amma kalorinsa na kaiwa kusan 600 a giram 100, don haka shi ma a auna.