Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Allon Suna a Ƙaramin Injin CNC

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda aka gama harhaɗa injin CNC, mai sassaƙa katako bisa umarnin kwamfuta, wato ƙaramin nan samfurin 3018 da ba ya ɗaukar katakon da ya wuce santimita 30 da 18. Yau sai aikin farko, allon suna na ƙofar gida, tsawo santimita 25, faɗi 15, kauri 2.

A kasuwar katako ta Gombe, nemi madaci busasshe. Malaina ta fi araha, amma tana tashin gashi a gefen harafi. MDF kuma, wato falankin da ake yi da garin katako da gam, ruwan damina ɗaya ya ishe shi ya kumbura. Ko madacin ma, ajiye shi a inuwa kamar mako biyu kafin a kai shi injin gogewa, domin iskar hunturu tana zuƙe danshin katako ta lanƙwasa shi.

Wannan lanƙwasar ita ce babbar matsalar aikin, ba ƙanƙantar injin ba. Ana sassaƙa harafi ne da baki mai tsini irin na V, kuma faɗin harafin ya dogara ga zurfin da bakin ya shiga. Da baki mai digiri 60, layi mai faɗin milimita 4 yana bukatar zurfin kusan 3.5. In gefe ɗaya na katakon ya ɗara ɗayan tudu da rabin milimita kacal, harafin can zai ƙara kusan milimita 0.6 a faɗi. Da baki mai digiri 90 kuwa, milimita guda cur. Shi ya sa za ka ga suna ya fara da kauri ya ƙare siriri. Mutane kan ɗora wa manhaja laifi, alhali ba ruwanta. Maganin shi ne a tabbatar allon kansa ya miƙe, a kuma ɗaure falankin MDF a teburin injin, a bar injin da kansa ya share samansa da baki mai lebur, zurfin milimita 0.3, sannan a ɗora allon a kai.

Wajen riƙe allon, manna tef na takarda a bayansa, wani a kan falankin, ka ɗiga sufagulu tsakanin tef ɗin biyu ka danne. Ya fi maɗauri, tunda babu abin da bakin zai yi karo da shi.

Kafin yanka, goge fuskar da samfefa 120 sannan 220, shafa banish sau biyu, ya bushe, ka rufe ta da tef. In ba haka ba, baƙin fentin haruffa zai bi jijiyar madaci ya yi nashe-nashe.

Sunan boko ba wuya. Na Larabci ko ajami ne ke ba da ciwon kai, don wasu manhajoji suna rarraba haruffan ko su juya su baibai. Rubuta shi a manhajar zane ta Inkscape, ka mayar da rubutun zane, sannan ka fitar da shi a fayil ɗin zane na SVG.

Saitin sifili, wato nuna wa injin inda saman allon yake: sa farar takarda a ƙarƙashin bakin, ka riƙa sauke shi da milimita 0.1 har takardar ta fara cijewa. Gudu kada ya wuce milimita 300 zuwa 400 a minti, zurfi rabin milimita zuwa ɗaya a kowane zagaye. Jin ƙarar ta koma kuka, ko ganin garin katakon ya yi duhu, alama ce bakin ya dakushe ko kana tura shi fiye da ƙarfinsa.

Sai wuta. Yawancin waɗannan injina suna zuwa ba makunnin iyaka da ke nuna wa injin ƙarshen tafiyarsa, saboda haka da an ɗauke wuta GRBL, manhajar da ke tuƙa injin, ya manta inda yake, allon ya tashi a banza. Injin bai da cin wuta, ƙaramar inbata da batir ɗaya sun riƙe shi. Duk da haka huda ɗan rami a kusurwar da ka fara, don ka samu inda za ka dawo.

Bayan yanka, cusa fenti da ƙaramin buroshi, ka bari ya bushe sarai kafin ka ɓare tef.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, marikin Alƙur'ani mai naɗewa.