Murfin da ba ya rabuwa da gora: yadda muka ɗaure shi ba tare da ya cije ba

Tun daga 3 ga Yulin 2024, dokar Tarayyar Turai ta wajabta cewa gorar abin sha ta roba da ba ta wuce lita 3 ba, murfinta ya zauna a jikinta bayan an buɗe. Mu masu ƙera murafe a Zariya ba doka ce ta sa mu ba. Masu zuba zoɓo da kunun aya ne ke kukan ɓatan murafe, kuma wanda ya leƙa kwalbatocin Sabon Gari bayan ruwan Agusta ya san inda suke ƙarewa. Sai muka ɗauki murfin murɗi mai faɗin milimita 28, na bakin gorar da ake kira PCO 1881, muka fara da shi.

Kowane murfi dama yana da zobe a ƙasansa, wanda wasu siraran gadoji ke riƙewa, su ne ke tsinkewa ƙas-ƙas a buɗewar farko. Da fari gada ɗaya muka bari da kauri, wai kada ta tsinke. Ashe ba a nan take ba. Tazarar haƙoran wannan baki, wato layukan da murfi ke bi in ana murɗa shi, milimita 2.7 ce, kuma murfin sai ya yi kusan zagaye biyu kafin ya fita, wato yana hawa wajen milimita 5. Zoben kuwa yana maƙale ƙarƙashin tudun wuyan gora, ba ya hawa. Gajeriyar gada ba ta da wannan sarari: ko ta tsinke, ko ta karkatar da murfin ya cije.

Yanka biyu ne ya raba gardama. Na sama shi ne na gadojin da aka saba, amma a bar wani yanki ba a yanka ba. Na ƙasa a cikin zoben ake yinsa, daidai ƙarƙashin wancan yankin, ya zarce shi dama da hagu. Robar da ta rage tsakanin yankan biyu ita ce igiyoyi biyu masu ɗagawa tare da murfin. A tsakiyarsu muka fitar da ɗan harshe. Idan aka kifa murfin baya, harshen ya tokari wuyan gora ya tsayar da shi a buɗe sosai, kusan digiri 180. In babu shi, murfin ya dinga dukan hancin mai sha, kuma wanda aka daka wa hanci sau biyu fizge murfin yake yi ya yar.

Da wuƙar inji muke yankan bayan murfin ya fito daga mol, wato mazubin da ke ba roba siffar murfi, don sauya wuƙa ya fi sake sassaƙa mol araha. Sai dai dakusasshiyar wuƙa yaga take yi, kuma daga ƙarshen yagar tsagewa ke somawa. Haka in aka cika cusa niƙaƙƙiyar tsohuwar roba cikin sabuwar HDPE, wato robar da ake yin murfin da ita, igiyar takan yi fari a wurin lanƙwasa, daga nan sai karyewa.

Rufewa ce ta fi ba mu wahala. Murfin da ke ɗaure a karkace yake dawowa, haƙori ya hau kan haƙori, mutum ya ji kamar ya rufu alhali yoyo yake. Kunun aya kuwa in ya ji zafin bazara yana tashi, iskar ta turo shi ta wannan kafa. Abu uku muka gyara. Mun tsawaita igiyoyin har murfin ya iya zama daram a kan baki kafin haƙora su haɗu, muka tabbatar tsawonsu ɗaya, sannan muka zaftare farkon haƙorin ciki don ya shiga da santsi.

Zoben ma dole ya riƙa juyawa sakayau, domin tare da murfin yake zagayawa. A nan kular ƙanƙara ta koya mana karatu. HDPE ta fi PET, robar da ake yin gorar da ita, tsukewa a sanyi, saboda haka zoben da ke juyawa lafiya a kan teburi sai ya kama wuya gam bayan awa biyu a ƙanƙara, balle sukarin zoɓo ya bushe a ƙarƙashinsa. Muka ɗan buɗa cikin zoben, ba har ya iya tsallake tudun ba. Kuma kada a auna murfi da zafinsa, a bari ya kwana, don robar na ci gaba da tsukewa.

Ma'aunin Turai na EN 17665 yana neman igiya ta jure jan niyuton 25, wato nauyin kilo biyu da rabi da ɗan ɗori, ta kuma kai buɗewa da rufewa 15. Mu jarka mai lita 3 na ruwa muke ratayawa a murfin, mu gwada shi da sanyinsa, mu gwada bayan ya sha rana. Sannan mu miƙa wa dattijo da yaro, hannunsu a jiƙe.

Abin da ya rage mana shi ne rufin farko. Yawancin masu kunu da hannu suke rufewa a gida, ba da inji ba, kuma in murfin ya ɗan karkace yayin da zoben ke tsallake tudun, gadojin kan tsinke tun gorar ba ta bar gida ba, mai saye ya zaci an taɓa buɗewa. Ƙara musu kauri na sa buɗewa ta yi tauri. Yanzu gangaren cikin zoben muke sake sassaƙawa, don ya hau tudun da ɗan matsi kaɗan.